Jaki, Katifa da Guntun Ƙirya

Har yau ban manta da ranar da wani guntun itacen ƙirya ya tona mana asiri a gaban shugabanmu ba. Ku da kuka zo aiki bayan na yi ritaya kuna ganinsa a kan kanta a gareji, baƙi, da ɓurɓushin fenti a jikinsa. An ce mini wani a cikinku har ya taɓa tokare ƙofa da shi. To, bari in faɗa muku inda ya fito.

A farkon shekarun 1980 ne, muna ƙarƙashin Kaduna, ba a ba mu jiha ba tukuna. Ina bakanike mai daraja ta biyu a garejin ofishin gona na Dutsin-Ma. Masu daraja ta ɗaya su ke taɓa mota da tarakta, ni kuwa nawa kekuna ne da famfunan feshi. Ban taɓa jin kunyar hakan ba, domin a lokacin aikin ofishin nan a kan keke yake tafiya. In kekuna suka kwanta, babu malamin gonar da zai leƙa ƙauye.

Muna da masinja mai suna Idi, mutumin Rawayau, siriri kamar kara, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Sau uku a mako yake ɗaukar wasiƙu daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ya biya ta garinsu, ya kai har Ɗantutture ya dawo. Duk wanda ya san wannan hanyar da damina ya san kwazazzabanta. Kowa in ya iso bakin rami sauka yake ya saɓa kekensa. Idi ba ya sauka. Zai ja baya kaɗan, ya taka feda, ya tsallake abinsa, ya bar mutane riƙe da baki.

Shekararsa shida yana wannan aiki, amma a matsayin ma'aikacin kullum-kullum. Ga wanda bai san tsarin ba: ranar da ka zo a rubuta maka, ranar da ba ka zo ba, ko da ciwo ne ya kwantar da kai, babu naka. In ka yi mako biyu ba a gan ka ba, sai a ɗauki wani. Ba fansho, ba hutu. Abin da zai fitar da mutum daga wannan hali shi ne takardar tabbatar da aiki, wadda sai babban jami'in ma'aikata na hedkwata ya sa mata hannu. Fayil ɗin Idi ya shekara biyu a can yana barci.

Keken da yake tsallen da shi ni na haɗa masa. Wani tsohon keke ne da ofis ya yar, na rage tsawon firam ɗinsa na yi masa walda, na cire kariyar ɗaukar kaya da madigadi, na samo fok ɗin wani mataccen ƙaramin babur, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, na sa masa. Saboda haka gabansa yana ɗan lotsawa in ya daki ƙasa, bayansa kuwa ƙarfe ne tsantsa, ba ya rangwame ko kaɗan. Ba shi da kyan gani. Mutanen ofis suna kiransa Jaki, Idi kuma bai taɓa jin haushi ba, yakan ce ai jaki ba ya yar da mai shi a banza.

Shugabanmu a lokacin Mista Yohanna ne, Kirista, mutumin kudancin Zariya, dogo mai yawan dariya. Da azumi ba ya shan ruwa a gabanmu, sai ya shiga ofis ya rufe ƙofa. Ban yi aiki da mai kyan zuciyarsa ba, kafinsa ko bayansa. Maganar Idi ta tsaya masa a rai. Da aka aiko cewa shi wancan babban jami'in ne zai zo buɗe nunin amfanin gona da muke yi bayan girbi, sai ya kira ni ofis.

Ya ce, "Malam Haruna, fayil ɗin da ba a san fuskar mai shi ba, ba ya tafiya. Ina so Idi ya yi tsallensa a gaban baƙon nan. In ya gan shi, ba zai manta da sunan ba."

Na ce shawara ta yi. Aka ba mu leburori muka tara tudu biyu na jar ƙasa a gefen filin nunin, muka daddaɓe su, tsakaninsu taku bakwai da ƙafata, da rami mai zurfin ƙugu a tsakiya. Idi ya gwada da Jaki sau uku, duk ya wuce da saura.

Saura kwana tara, ran Alhamis da hantsi, sai ga Mista Yohanna ya shigo gareji yana turo wani keke da hannunsa. Ja ne wur, yana ƙyalli, da dogon sirdi kamar na babur, ga sifirin a gaba, ga wasu manya guda biyu a baya. A shagon wani Alhaji mai kayan masarufi ya gan shi a kasuwa, an kawo guda ɗaya tak, ya saya daga aljihunsa. Duk ofis aka fito kallo. Wani akawu ya hau ya yi sukuwa a kai ya ce wannan ai katifa ce, sunan kuwa ya bi keken.

Mista Yohanna ya dafa kafaɗar Idi ya ce, "Ga naka. Ba za ka fita gaban baƙo da wancan tsohon ƙarfen ba. Wannan ko daga kan soro ka diro ba za ka ji komai ba."

Idi ya durƙusa ya yi godiya har idonsa ya kawo ruwa. Ni ma na ji daɗi, ban ɓoye ba. Amma da na ɗaga keken don in shigar da shi ciki, sai na ji ya kusa ninka Jaki nauyi.

Da la'asar muka tafi fili mu biyu. Idi bai fara da babban ramin ba, ya gwada wani ƙaramin tudu da bai kai gwiwa ba. Ya zo a guje, ya danna, keken ya tashi kamar kazar da aka jiƙa. Da ya sauka kuma bayansa ya yi sama da shi, sai da ya bar sirdi ya rungumi kan keken. Ya sake gwadawa sau biyu, duk haka. Ya turo shi ya zo inda nake.

Ya ce, "Maigida, wanga keke ba shi da ƙashin baya. In na danna mashi ƙarhi wurin tashi sai ya haɗiye, in na sauka kuma ya amayo mani shi."

Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan ba, ko a bakin waɗanda suka yi makarantar sana'a. Mai tsalle da keke ba gudu kaɗai yake dogara da shi ba. In ya iso bakin tudu yakan tattara nauyinsa ya danna ƙasa da ƙafafunsa, ƙasa ta mayar masa, wannan ne ke cilla shi sama. In bayan keke sandararre ne, abin da ka danna shi kake samu. In kuwa akwai sifirin a tsakani, shi zai karɓe rabin ƙarfin ya riƙe, ya sake shi a lokacin da ya ga dama. Sifirin ɗin wancan zamanin kuma ba shi da abin da ke lallashinsa, yadda ya lotsa haka yake zabura.

Na ce, "To sai ka gaya wa Yallaɓai."

Idi ya dube ni kamar na ce ya zagi mahaifinsa. "Ni? Mutum ya cire daga aljihunshi ya saya mani, gaban kowa ya ba ni, in koma in ce mashi mi? Kai ka hwaɗa mashi mana, ai kai ne bakanike."

Na ce zan faɗa. Washegari Mista Yohanna ya leƙo gareji, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Malam Haruna, yaya keken namu?" Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ya yi kyau, ranka ya daɗe." Ku da kuke dariya yanzu, wanene a cikinku bai taɓa yin irinta ba? Haka aka rene mu. Babba ya yi maka kyauta, ba ka juya ta a gabansa kana neman aibu. Kara muke kiranta, kuma abu ce mai kyau. Sai dai ranar nan kara ta sa na tura mutum bakin rami.

Na kwana biyu ina tunani, sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum kan yi alfahari da ita kafin ta kunyata shi. Tun da ba za mu iya canza keken ba, bari mu canza masa hali a ɓoye. Na je wurin masu sassaƙa turmi na roƙi guntun ƙirya, don ba itacen da ya kai ta tauri. Na sassaƙe shi daidai, na cusa tsakanin firam da ƙafar baya, inda keken ke lanƙwashewa, na naɗe da robar tif tamau, na shafe da baƙin fenti. In ba ka durƙusa ba, ba za ka gan shi ba. Sifirin na nan yana ƙyalli don idon Mista Yohanna, amma aiki ya ƙare masa.

Idi ya gwada a ƙananan tudu ran Litinin da Talata, ya dawo yana washe baki. Ya ce nauyin na nan, amma yanzu keken yana jin magana. Na riƙa yawo a gareji ina jin kaina kamar injiniya.

Ran Alhamis, saura kwana biyu, Mista Yohanna ya ce a yi gwaji na ƙarshe a gabansa, a babban ramin. Muka fita da misalin ƙarfe huɗu, da shi da ni da 'yan ofis kamar goma. Idi ya ja baya har gindin wata bishiyar bedi, ya taho. Ya tashi, kuma ya tsallake, ko da yake da ƙyar tayar baya ta kama bakin tudu na biyu. Wannan dukan ne robar ba ta iya ɗauka ba. Na ji ƙara kamar an fasa gora. Sifirin da ya kwana huɗu a ɗaure ya samu kansa, ya lotsa har ƙasa, ya zabura, Idi ya bi ta saman kan keken ya faɗa cikin yashi. Guntun ƙiryar kuwa ya yi sama, ya juya, ya gangaro ya tsaya a gaban takalmin Mista Yohanna. Ko da gangan aka aike shi bai fi haka ba.

Mista Yohanna bai kula da itacen ba tukuna. Shi ya riga kowa isa wurin Idi, ya tattaɓa hannunsa da haƙarƙarinsa. Allah ya kiyaye, ƙujewa ce kawai a gwiwar hannu da yashi a baki. Sai da ya tabbata lafiya sannan ya koma ya ɗauki itacen, ya juya shi, ya shinshina fentin.

Ya ce, "Malam Haruna, wannan a wane ɓangare na keke yake? Ban gan shi ba ranar da na saya."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire hula na faɗa masa komai, tun daga gwajin farko har zuwa wurin masu sassaƙa turmi. Idi yana zaune a ƙasa yana tofar da yashi, yana cewa laifinsa ne, ni ma ina cewa nawa ne. Na zaci faɗa zai yi. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai kawai ya ce, "Da ran Asabar wannan ta faru fa? Da ya karye a gaban baƙo, wata nawa zai yi a kwance? Kun san mako biyu kawai ake jira a ɗauki wani. Ni na zo in taimake shi, ku kuma saboda kada raina ya ɓaci kun yarda in zama wanda ya raba shi da abincin 'ya'yansa. Malam Haruna, ni gona na karanta. Ban san keke ba. Saboda haka ne gwamnati ta ɗauke ka."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa ƙaunar wani shugaba kamar yadda na ƙaunace shi a wannan lokacin ba.

Sai ya ce to a koya masa. Na aika aka turo Jaki. Na ɗaga bayan kowanne na sake shi ƙasa: Jaki ya daki ƙasa ya tsaya cak, Katifa ta yi ta rawa kamar ba za ta daina ba. Idi ya maimaita masa zancen haɗiyewa da amayarwa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tambaya ko ke nan asara ya yi. Na ce a'a, wannan karon da gaskiyata. Na ce ya hau Katifa ya bi hanyar madatsar ruwan Zobe inda gargada ta fi muni. Ya naɗe ƙafar wandonsa ya hau, dogon mutum a kan jan keke, ya tafi ya dawo yana cewa ko motarsa ba ta kai wannan daɗi ba. Na ce to wurin aikinta ke nan: hanyar duwatsu, gangara, doguwar tafiya da kaya masu fashewa. Amma tudun da aka daddaɓe don tsalle, sai mai sandararren baya.

Ya ce, "Shi ke nan. Jaki zai yi tsalle. A wanke shi dai, don Allah."

Na wanke shi, har na goge sarƙar da kananzir. Bai ƙara kyau ba.

Ran Asabar fili ya cika. Ga dammunan gero da dawa an jera, ga kabewa, ga kifin Zobe, ga raguna da aka yi wa wanka. Baƙon ya zo da hantsi, mutum mai jiki da farin tabarau, aka zaunar da shi a rumfa. Bayan jawabai aka ce saura tsallen keke. Idi ya tsaya a gindin bedi da tsumma ɗaure a gwiwar hannu. Ya taho, ya danna, ya tashi, ya sauka can bayan tudu na biyu lafiya lau. Fili ya ɗauki sowa. Na juya in ga fuskar baƙon, sai na tarar ya ba mu baya, wani manomi yana nuna masa wata ƙatuwar kabewa. Bai ga komai ba.

Mista Yohanna ya dube ni, na dube shi. Ya sauko daga rumfa ya je wurin Idi da kansa, ni ina biye. Ya ce, "Idi, bai gani ba. Za ka iya sakewa? Kada ka ce mini ya yi kyau. In ba za ka iya ba ka faɗa, mu nemi wata hanya."

Idi ya ce, "Yallaɓai, da wancan ko sau ɗaya ban iyawa. Da wanga ko sau goma ne."

Aka sa mai shela ya sake sanarwa. Wannan karon Idi ya ƙara nisan gudu. Da ya tashi sai da na ga sararin sama tsakanin tayarsa da kan mutanen da ke tsaye a ɗaya gefen, kuma yana sama ya ɗan karkata kan keken ya mayar, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Baƙon ya miƙe tsaye, tabarau a hannu. Ya ce a kira masa wannan mutumin.

Ya tambayi sunansa da aikinsa. Idi ya durƙusa ya faɗa. Mista Yohanna, wanda tun safe yake yawo da kwafin takardun a hammata, ya ƙara da cewa shekara shida ke nan wasiƙar ofis ba ta taɓa kwana a hanya ba, rani da damina, kuma fayil ɗinsa yana hedkwata shekara biyu. Baƙon ya karɓi takardun ya duba, ya ce, "Mutum yana tsallake rami da wasiƙunmu, mu kuma mun kasa tsallakar da takardarsa tebur biyu." Ya rubuta wani abu a gefe ya miƙa wa akawunsa.

Bayan mako bakwai takardar ta iso. Abin dariyar, Idi ne ya ɗauko jakar daga gidan waya da kansa, ya kawo ofis bai san abin da ke ciki ba. Da aka karanta masa ya zo gareji ya zauna a kan benci, sannan ya roƙe ni in ƙara wa Jaki iska. Ya yi shekara ashirin da huɗu bayan nan yana aiki, ya yi ritaya da fanshonsa. Katifa kuwa aka ba malamin dabbobi mai kai kwalaben allura Ɗantutture, ya ce tun da ya same ta bai sake fasa ko ɗaya ba.

Mista Yohanna bai yar da itacen ba. Ya ajiye shi a kan teburinsa yana danne takardu. Daga ranar, duk wanda ya tambaya wani abu ya amsa da "ya yi kyau, ranka ya daɗe", sai ya ɗaga guntun ƙiryar ya ce, "Da itace ko babu itace?" Tun ana dariya har abin ya zama ɗabi'ar ofis. Malaman gona suka fara faɗa masa in irin da aka aiko bai dace da ƙasarmu ba, direbobi suka fara faɗar gaskiyar tayoyinsu. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ya zo gareji ya damƙa mini shi, ya ce in riƙe, ni na fi kowa sanin inda ya fito.

Abin da na koya a sana'ar nan bai wuce biyu ba. Keke ba a zaɓarsa da ƙyalli ko tsada, sai an tambayi hanyar da zai bi da wanda zai hau. Na biyun ya fi wuya: in an ɗauke ka aiki don ka san abu, to faɗarsa na cikin aikin, ko da wanda za ka faɗa wa ya girme ka kuma ya yi maka alheri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni na san haka tun kafin ranar, amma sai da na ga Idi kwance cikin yashi sannan ta shige ni.

Don haka ku bar tokare ƙofa da shi. Ku mayar da shi kan kanta inda ido zai riƙa ganinsa, musamman ranar da shugaba zai leƙo ya tambaye ku yaya aiki.